Da Zaman Banza Gara Aikin Hannu

Uwargida, wannan magana taki ce. In kin iya karatu, ki karanta da kanki. In ba ki iya ba, ki sa maigida ko ɗanki ɗan makaranta ya karanta miki, ki kira abokan zamanki da maƙwabta su ma su ji.

A kowane ƙauye, in an sauke tukunyar rana, maza sun tafi gona ko kasuwa, akwai ɗan lokaci tsakanin azahar da la'asar wanda mace ta ke samun kanta. Sai a shimfiɗa tabarma a inuwa, kowacce ta ɗauko abin da ranta ya ke so. Wata ɗinkin hula, wata saƙar faifai, wata kwarashi. Wata ta kwance kai a yi mata kitso, wata ta kwaɓa lalle. Wata kuwa ba ta da abin so kamar 'yan kajinta da ɗan lambunta na bayan ɗaki. Waɗannan duka abubuwa ne masu kyau, muna so ku riƙe su, ku koya wa 'ya'yanku mata. Amma kowane ɗaya yana da 'yar ƙayarsa, kuma sau da yawa wanda ƙayar ta ke soka shi ne ƙaramin yaron nan da ke rarrafe kusa da ke a kan tabarma. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna miki inda ƙayar ta ke, don ki cire ta, ki ci gaba da aikinki hankali kwance.

Amfanin aikin hannu

Na farko, yana kawar da zullumi. Macen da ta ke zaune shiru ita kaɗai, tunani yakan yi mata yawa, barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta. Wadda ta ke cikin 'yan uwanta mata, hannu yana aiki baki yana hira, damuwarta takan ragu, kuma in wani abu yana cinta za a lura da wuri. Mai jego ta fi kowa bukatar wannan. In kun ga mai jego ta daina magana, tana yawan kuka, ba ta kula da jaririnta, ku jawo ta cikinku, ku kuma kai ta asibiti, gama wannan ciwo ne, yana da magani.

Na biyu, yana kawo kuɗi. Abin da aka fara don nishaɗi yakan zama jari. Kuɗin faifai da na ƙwai su ne a ke zuba adashi da su, su ne kuɗin mota ran da yaro ya kwana da zazzaɓi. Ku tuna da Ladi Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya. A shekarar 1954 ta shiga makarantar koyon ginin tukwane ta Abuja, garin da a ke kira Suleja yanzu, aikinta ya kai ta har Ingila da Amurka. Ta rasu a 1984, ga hotonta nan a bayan takardar Naira 20.

Ɗinki, saƙa da kaɗi

Ɗinkin hula da kwarashi aikin ido ne. Ki yi su da rana a waje, cikin inuwa mai haske. Aiki a ɗaki mai duhu ko a gaban 'yar fitila yana gajiyar da ido, ya sa ciwon kai da hawaye. Kowane ɗan lokaci ki ɗaga kai ki dubi abu mai nisa, kamar kan bishiya, sa'an nan ki koma. In kin yi kamar rabin sa'a a zaune, ki tashi ki miƙe, ki taka zuwa bakin randa ki dawo. Ki jingina bayanki da bango ko ki zauna a kujera 'yar tsugunno, kada ki yini a duƙe, don ciwon baya da na wuya daga nan su ke farawa.

In mace ta kai wajen shekara 40, sai ta ga kafar allura ta fara ɓace mata, tana nisanta ɗinki da fuskarta kafin ta gani. Wannan ba makanta ba ce, ba kuma sammu ba ne. Haka idon kowane ɗan Adam ya ke yi in shekaru sun ja. Tabarau na karatu mai araha yana gyara shi nan take. Ki je a auna idonki a ba ki wanda ya dace da ke. Amma in gani yana dushewa kamar hazo, ko ido yana ciwo, ko gashin ido yana juyawa ciki yana sukarsa, wannan aikin likita ne, kada a ɗiga komai a ciki sai abin da ya bayar.

Allura da basilla da tsinken kwarashi, kowanne ya sami gwangwani mai murfi. Kada ki soke allura a tabarma ko a bakin zane, kada ki riƙe ta a baki. Duwatsun ado da maɓallai kuwa yaro yakan haɗiye su ko ya tura a hanci. In ƙarfe ya soke ki, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta. Ƙwayar ciwon nan mai sandarar da jiki, mai sa haƙora su cije, wanda likitoci ke kira tetanas, tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, ta rauni ta ke shiga. Allurar rigakafinsa sau 5 a ke yi wa mace, a lokatai daban daban, ta tsare ta duk shekarunta na haihuwa, ta kuma tsare jariran da za ta haifa.

Mai gurzar auduga da shiɓa ta yi su a fili inda iska ke wucewa, don ƙurar auduga tana tayar da tari, balle ga mai asma. Mai kwarashi kuma, ga wata sadaka mai lada: ki saƙa hula da safa na jarirai. Jariri sabon haihuwa yana saurin yin sanyi, musamman ta kai, balle bakwaini a lokacin hunturu. Hula a kansa, ƙirjinsa a manne da ƙirjin uwarsa, a lulluɓe su tare, wannan ya ceci jarirai da yawa.

Kitso

Shuku da kalaba da doka duk ado ne, amma kitso mai tsauri yana cire gashi. In an gama miki kitso kin ji fatar kai tana ja, ko ƙananan ƙuraje sun feso a bakin goshi, ko kin kasa barci don zafi, an matse shi fiye da kima, ki sa a sassauta. Da fari gashin da ya zube yakan dawo. In aka yi shekaru ana ja, saiwar ta mutu, goshi ya zama sanƙo har abada. 'Yan mata ƙanana sun fi shan wannan wahala, gama ba su da bakin cewa a bari.

Kowace mace ta tafi gidan makitsiya da matajinta da tsinkenta. Ƙwarƙwata da ƙora ta mataji su ke ƙaura daga kai zuwa kai. Ƙora ba ta jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha na makonni, saboda haka a kai yaro asibiti. Reza kuma, mutum ɗaya reza ɗaya. Ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki suna bin jinin da ya taɓa reza, ko da ido bai gan shi ba.

Lalle da kwalli

Lallen gargajiya, watau ganyen da aka daka aka kwaɓa da ruwa, ja ya ke bayarwa, kuma sai ya daɗe a jiki kafin ya kama. Ga babba ba ya cutarwa. Amma baƙin nan mai kamawa nan da nan, wanda a ke kira dayis, yawancinsa akwai maganin rina gashi a ciki. Wata fatar ba ta ɗaukarsa. Bayan 'yan kwanaki sai zanen ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, ya ɗuri ruwa kamar ƙuna, ya bar tabo daidai siffar furen da aka zana. Wadda ya taɓa yi wa haka, duk ran da ta sake shi abin zai fi na da muni. In kuwa yaro ya sha shi, wuya da harshe su kan kumbura har numfashi ya toshe, ƙoda ta lalace. Likitocin Sudan sun sha ganin wannan. Saboda haka a ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, amarya kuma ta yi tunani tun kafin ranar buki.

Jariri kuwa kada a sa masa lalle ko wane iri. Akwai yara da yawa a ƙasarmu, musamman maza, waɗanda aka haifa da wani rauni a jini wanda ba a gani da ido. In lalle ya shiga jikinsu ta fata, sai jininsu ya farfashe, idonsu ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. In kin ga haka a kai shi asibiti ran nan. Mai ciki kuma, in ranar awo ta kusa, ta dakata da ƙunshi, don malamar asibiti takan dubi tafin hannu da farce ta gane ko jini ya yi ƙaranci.

Maganar kwalli ta fi nauyi. Kwallin dutse mai ƙyalli, wanda a ke niƙawa a zuba a tandu, dutsen dalma ne. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston, wanda aka sami dalma da yawa a jininsa. Da aka auna kwallin da a ke sa masa, sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Yaro yakan murza ido ya sa hannu a baki, ta haka ta ke shiga. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, ba tare da zazzaɓi ko wata alama ba, sai yaro ya girma karatu yana yi masa wuya. Mun ga iyakar sharrinta a Jihar Zamfara a 2010, sa'ad da yara wajen 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje, har da turmin da a ke daka hatsi. Kada a sa wa yaro kwallin dutse, mai ciki ma ta bar shi. Kada kuma a shigo da dutsen ma'adini cikin gida don a daka, kome kuɗin da za a biya.

Har wa yau, kada mutum biyu su yi amfani da maciyin kwalli ɗaya. Amosanin ido da ciwon idon nan Afolo, wanda ya ɓulla a Ghana a 1969, ta hannu da tsumma da irin wannan aro su ke yaɗuwa.

Haɗa sabulu

Mata da yawa sun koyi haɗa sabulun wanki da na ruwa, abin a yaba ne, gama sabulu shi ne babban makamin tsabta. Amma sodar da a ke haɗa shi da ita wuta ce. Garinta fari ne kamar sukari ko gishiri, in an jiƙa ta kuma ba ta da bambanci da ruwan sha a ido. Yaro mai ƙishirwa in ya kurɓa, takan ƙone masa maƙogwaro. In ƙunar ta warke sai hanyar abinci ta tsuke, ya kasa haɗiye tuwo, wani ko ruwa, sai an yi ta yi masa aiki a babban asibiti.

Saboda haka, ran da za ki haɗa sabulu ki kai yara gidan maƙwabta. Ki yi a fili, ki sa safar hannu ta roba, ki kare idonki. Soda a ke zubawa cikin ruwa kaɗan kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda, don takan tafasa ta fantsamo. Kada ki zuba ruwan soda a kofi, ko kwanon sha, ko kwalbar lemo, kada kuma ki bar shi ya kwana a tsakar gida a buɗe. In ta taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 20, sa'an nan a tafi asibiti. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, gama za ta sake ƙona shi a hanyar fitowa. Kada a ɗura masa manja ko tsamiya. A ɗauke shi a tafi asibiti nan da nan, a riƙa mazubin a nuna wa likita.

Ƙuli-ƙuli da suya

Mai ƙuli-ƙuli da tunkuza, ki tsince gyaɗarki da kyau kafin ki soya. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ko ta motse, ko ta yi baƙi, ko ta ke da ɗaci, ki zubar, kada ki ba yara, kada ki ba kaji. Fumfunar gyaɗa tana da dafi mai cin hanta. An gano shi ne bayan shekarar 1960, sa'ad da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa mai fumfuna. Suya ba ta kashe wannan dafi. Maganinsa a shanya gyaɗa ta bushe sarai, a ajiye buhu a kan katako inda babu laima.

Hayaƙin itace kuma yana cin ido da ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 3 ne ke mutuwa kowace shekara saboda hayaƙin girki a cikin gida. Ki yi suya a waje ko a madafa mai taga, da busasshen itace. Kada ki hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba. Kada ki tsaya a kan kasko da goyo a bayanki, kuma ki kewaye murhu yadda mai rarrafe ba zai kai ga mai mai zafi ba. In an ƙone, ruwa mai sanyi a ke zubawa har minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da toka.

Lambun bayan ɗaki da kiwon kaji

Cikin dukan abin da mace za ta yi don jin daɗi, babu wanda ya kai wannan amfani ga lafiyar gida. Zogale biyu a jikin danga, da ɗan fegin alayyafo, da rama, da yakuwa, da kuɓewa, da kabewa mai hawa rumfa, da gwanda guda, sun isa su canja miyar gida. Ruwan da aka wanke hatsi ko kayan miya da shi ya isa ban ruwa. Ganye mai duhun kore da abinci mai launin ruwan lemo, kamar gwanda da kabewa da karas, suna tsare yaro daga dundumi, suna ƙara masa ƙarfin jure ciwo. Ki sa ɗan mai ko ƙuli a cikin kwaɗo, gama da mai ne jiki ya ke ɗaukar amfanin ganyen. Kada ki dafa shi har ya yi laushi ya fita kamanninsa.

Takin dabbobi sai ya ruɓe sosai kafin a zuba, bayan gida na mutum kuwa ba shi da wuri a lambu. In an yi feshin maganin ƙwari, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin a tsinki ganye, kwalbar kuma kada a mai da ita ta mai ko ta ruwa. Ki lura da ruwan da ke kwanciya. Sauro yana yin ƙwai a ruwa, cikin mako guda zuwa kwana 10 ya zama mai cizo. Na zazzaɓin cizon sauro ya fi son kududdufi da ramuka, na shawara kuwa ya fi son tulu da gwangwani da tsohuwar taya. Ki rufe randa, ki juye sauran mazubai kowane mako ki goge cikinsu, ki cike ramuka da ƙasa.

Kaji kuma su kwana a akurkinsu, ban da ɗakin da mutane ke kwana. A share kashinsu kowace safiya kafin a sauke yaro ƙasa, don in ya kai shi baki zai yi zawo. Ki wanke hannu da sabulu bayan kin taɓa su. Annobar da ke share kaji lokacin hunturu tana da rigakafi, ana yin sa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, ki tambayi malamin dabbobi. In kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, kada a yi saurin yankawa a ci, kada yara su taɓa, a sanar da malamin dabbobi. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006, kuma tana iya kama mutum.

Sa'an nan kada ki kai ƙwai duka kasuwa. Zancen da a ke yi wai yaron da ya ci ƙwai zai yi sata, ba shi da tushe. Daga wata 6, dafaffen ƙwai yana cikin abinci mafi gina jikin yaro, mai ciki da mai shayarwa su ma su ci.

Kalma ga maigida

Malam, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai ne za ka kafa 'yar kanta a sama inda za a ajiye soda da dayis da maganin ƙwari. Kai ne za ka gina akurki, ka gyara danga, ka fasa taga a madafa. In iyalinka ta ce idonta ya rage gani, ka kai ta a auna. Ka kuma bar mata izini tun yau, cewa in yaro ya sha wani abu ko ya ƙone ba ka nan, ta tafi da shi asibiti ba sai ta jira ka ba. Sa'a guda ta jira tana iya zama ita ce bambancin rai da mutuwa.

Abin tunawa

1. Aikin ido a yi shi da haske, a riƙa tashi ana miƙewa.
2. Allura a gwangwani, mataji da reza kowa da nasa.
3. Jariri ba lalle, yaro ba kwallin dutse.
4. Soda ba ta shiga kwanon sha, wanda ya sha ta ba a sa shi amai.
5. Gyaɗa mai fumfuna a zubar.
6. Kaji a akurki, ƙwai a bakin yaro.

Uwargida, babu ɗaya cikin waɗannan da zai ci miki kuɗi mai yawa, sai dai kula. Ki gaya wa wadda ba ta ji ba. In akwai abin da ya shige miki duhu, ki tambayi malamar asibiti ran awo ko ran rigakafi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa albarka a aikin hannunki, ya raya mana zuriya cikin lafiya, amin.